Ranar da Aljihuna Ya Yi Turare a Kebbe

Bari in fara wanke kaina: ko karan sigari ban taɓa kai wa baki ba. Kawuntaka ce ta ja mini. Ɗan ƙanwata ya dawo Tambuwal daga Legas da wani ƙarfe kamar ƙaramar tocila, na iske shi a bayan zaure yana tsotsa yana feso hayaƙi mai ƙamshin mangwaro. Na fizge, na yi masa wa'azi har da zancen huhu. Ya ce, "Kawu, don Allah bari in kulle shi tukuna." Na ce rufe mini baki, wayo za ka yi wa wanda ya goya uwarka? Na jefa abin a aljihun kaftani, inda makullan gida da goro biyu suke, na tari ɗan kabu-kabu zuwa Kebbe, ɗaurin auren 'yar abokina.

Sai daga baya na san me na ɗauko. Tun da Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙera sigarin lantarki na zamani a 2003, yawancinsu da 'yar ƙwaƙwalwarsu a ciki: masu madanni sai ka danna sau biyar a jere su kunnu, in ka daɗe kana dannawa kamar daƙiƙa goma su yanke wuta da kansu. Na yaron nan ba shi da wannan hankalin. Bututun ƙarfe ne zalla da batir guda, irin wanda ake kira 18650, kamar na cikin wasu tocilolin caji. Madannin kuwa a gindi yake, don mai sha ya tokare shi da ɗan yatsa. Duk abin da ya tokare shi, yatsa ne ko goro, wuta za ta tafi kai tsaye zuwa 'yar wayar da ke dafa ruwan ƙamshin da ke ciki, kuma ba za ta tsaya ba sai an saki. Akwai zobe a gindin da ake murzawa a kulle. Zoben nan yaron yake roƙona in bari ya murza.

A hanya, duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙamshi ya taso. Ɗan kabu-kabu ya waiwayo ya ce, "Malam, mangwaro kaka kai musu?" Na ce a'a. Ya ce, "To aradu wani na cin mangwaro bisa mashin ɗin ga."

Mun isa rana ta take, zafin Afrilu na Sakkwato wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Aka ba ni wuri a tabarmar manya, kusa da liman. Na tanƙwashe ƙafa, na zauna daram a kan aljihu. Goro ya samu madanni, ya riƙe amana.

Waliyyin ango yana cikin neman aure na ji cinyata ta ɗau ɗumi. Na ce zafin gari ne. Ana ambaton sadaki, hayaƙi ya fara fitowa ta gefen kaftani, siriri, fari, cikin natsuwa. Wani dattijo ya dube ni, ya dubi hayaƙin, ya matsa kaɗan. Da ruwan ya ƙare sai audugar ciki ta kama ƙonewa, mangwaro ya koma ƙaurin tsumma. Liman ya ɗaga hannu za a shafa fatiha, ni kuma na miƙe tsaye da salati, ina tsalle ƙafa ɗaya, ina zazzage aljihu. Makullai suka watse, goro ya gangara gaban waliyyi, ƙarfen ya faɗa cikin rairayi yana huci. Yara suka taso da gudu za su ɗauka, na daka musu tsawar da ban san ina da ita ba. Wani ya ɗauko buta, wani ya ce bam ne, maroƙi kuwa bai fasa aikinsa ba, ya ce a gai da Malam mai hayaƙi ba wuta.

Da dare na kira yaron ina shafa man kaɗanya a cinya. Ya ce in gode wa Allah batirin bai fashe ba. Ya yi gaskiya: a 2018 a Fulorida ta Amurka irin wannan bututun ya tarwatse ya kashe mai shi. Na yi shiru. Sai ya ce, "Kawu, ai na ce ka bari in kulle." Na kashe waya.

Kaftanin shadda ce, dubban nairori, yanzu da taga a gefe. Abokina ya yafe mini, ko da yake har yau bai yarda cewa ƙwacewa na yi ba. Bayan kwana uku uwar amarya ta aiko wa maiɗakina saƙo: wai don Allah turaren wutan nan na Malam, na farkon, kafin ya yi ƙauri, a ina ake sayar da shi?