Zuwa ga Bawana Bazazzage Mai Shirin Intabiyu

Bawana, labari ya iso Kano cewa an kira ka intabiyu, kuma tun ranar da saƙon ya shigo wayarka ka kulle kanka a ɗaki, ka ƙaurace wa majalisa, har mai shayin layinku na Tudun Wada ya fara cigiyarka. An ce ka cika littafi guda da amsoshi, kana tilawarsu bayan sallar asuba. Na ji daɗi, don ubangida na kirki ba ya baƙin ciki da ci gaban bawansa. Sai dai haddar nan ba za ta fisshe ka ba, gara in gaya maka tun kafin ka je ka kunyata ni a gaban mutane.

Irin intabiyun da ƙungiyoyin agaji da bankuna da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke yi yanzu ba ta neman abin da ka kwaso a Samaru. Sun ga takardunka, shi ya sa ma suka kira ka. Mutum uku ko huɗu za ka tarar a bayan tebur, kowa da takardar maki a gabansa, sai ɗaya ya ɗago kai ya ce: "Ba mu labarin wani lokaci da ka samu saɓani da abokin aikinka. Me ya faru, kai kuma me ka yi?" Na san abin da ka rubuta a shafi na bakwai: wai kai mutum ne mai haƙuri, mai son zaman lafiya, ba ka taɓa faɗa da kowa ba, alhamdu lillahi. Za su gyaɗa kai, su yi maka murmushi, su ba ka maki mafi ƙanƙanta a takardar. Labari suka nema, ka ba su kirari. Kuma ƙarya ce ma, ni shaida ne, da idona na ga ka kwashe rabin awa kana musu da ɗan Adaidaita a Ƙofar Doka a kan naira hamsin.

Tunda ku Zagezagi ba kwa yarda da magana sai an haɗa muku da sunan Bature da shekara, to buɗe littafin naka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna John Flanagan ya yi aiki da rundunar sojan saman Amurka. Ya lura cewa idan aka kori mai koyon tuƙin jirgi, dalilan da ake rubutawa na dunƙule ne, irin su rashin basira ko rashin natsuwa, waɗanda ba sa nuna wa kowa abin da zai gyara. Sai aka koma tattara ainihin abin da mutum ya aikata a wani lokaci takamaimai, kuma ya wallafa bayanin hanyar a 1954. A 1982 Tom Janz ya gwada irin tambayoyin a wajen ɗaukar aiki, bisa hujjar cewa abin da mutum ya yi jiya shi ya fi nuna abin da zai yi gobe. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekara 85, suka nuna intabiyu mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a auna shi da ma'auni ɗaya, ta fi hirar kara-zube iya hasashen wanda zai riƙe aiki. Ka ƙoshi?

Mu a Kano ba mu jira Bature ba. Je ka Kantin Kwari ka ga Alhaji zai ɗauki yaron shago. Ba zai tambaye shi ko yana da amana ba, don ko ɓarawo zai ce yana da ita. Cewa zai yi: "A wajen wa ka zauna? Me ya raba ku? Ranar da kuɗi suka ɓata a shagon, ya aka ƙare?" Yana saurara yana jan carbi, kafin yaro ya gama ya riga ya yanke hukunci.

Abin da ya kamata ka shirya shi ne labarai biyar ko shida na gaskiya daga rayuwarka, waɗanda za ka iya juya su ta kowace fuska aka ɓullo maka: saɓani da wani, aikin da lokaci ya ƙure maka, kuskuren da ka tafka, ranar da ka ja ragama, ranar da mai gidanka ya ce a yi abin da kai kake ganin ba daidai ba ne. Turawa suna da tsarin da suke kira STAR na ba da irin wannan amsa. Ka faɗi halin da aka shiga a taƙaice, da nauyin da ya rataya a wuyanka, sannan ka baje abin da ka yi, ka rufe da yadda aka ƙare. Minti biyu ya isa. Na san wannan zai yi maka wuya, domin Bazazzage in zai ba da labarin jiya sai ya faro daga Sarauniya Amina.

Kada ka ce mini ba ka da labari don ba ka taɓa aikin ofis ba. Ka manta lokacin da taransifomar layinku ta ƙone, aka kwashe makonni ana kwana a waje saboda zafi? Kowa na zagin masu wuta, ba wanda ya motsa. Kai ne ka sayi littafi, ka bi gida-gida kana karɓar karo-karo, kana rubuta suna da adadi. Da wani dattijo ya ce ba zai bayar ba tunda an taɓa cinye irin wannan kuɗi, ba ka yi fushi ba. Ka roƙe shi ya zama shi ne ma'aji, ka liƙa lissafin shige da fice a ƙofar masallaci kowace Juma'a, har kuɗi suka cika aka kawo wuta. To ai shugabanci ke nan da sasanta rigima da riƙon amana, duk a labari ɗaya. Ban so yabon bawana a jarida ba, dole ce ta sa.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen faɗarsa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka za ka ce "mun tara kuɗi, mun gyara, cikin ikon Allah". Kwamitin ba layinku zai ɗauka aiki ba. Nan take ɗaya zai katse ka: "To kai me ka yi?" Ka gode wa Allah, wannan wajibi ne, amma ka ce ni na sayi littafin, ni na je wajen dattijon. Faɗin abin da hannunka ya aikata idan an tambaye ka ba fariya ba ne. Kada kuma ka ari labarin wani. Tambaya ɗaya suke yi su bi ta da uku: nawa aka tara, wa ya ƙi yarda, da za a sake me za ka canza. Labarin aro ba ya wuce ta biyu.

Tambayar kuskure kuwa, ka rabu da amsar nan ta intanet wai aibinka shi ne son aiki ya yi maka yawa. Sun ji ta har ta gundure su. Ka kawo kuskure na gaske mai matsakaicin nauyi, ka ɗauki laifin ba tare da ɗora shi a kan tsohon mai gidanka ba, ka faɗi abin da ka sauya daga ranar.

Saboda haka rufe littafin nan ka fito. Samu wani ya zauna a gabanka da agogo ya riƙa jefo maka tambaya, kana amsawa da baki, ba da biro ba. In ta kwamfuta za a yi, ka yi caji ka tanadi data tun ana gobe intabiyun. Maganar kuɗin shara mu bar ta sai watan Cika-ciki. In kuma sun nemi wanda zai tsaya maka, ka ba su lambata, zan gaya musu bawana ne, bai taɓa guduwa ba.