Manhajar Tuwo a Uba

Ɗan ƙanwata ya gama karatun kwamfuta a Mubi, ya dawo Uba da niyyar ƙera manhajar waya da za ta riƙa zaɓar wa mutum gidan abinci. Shafin farko ya tambayi jiha, nan aka fara rikici: rabin garin yana Adamawa, rabin yana Borno. Sai ka ci tuwon dawa a ƙaramar hukumar Hong, ka tsallaka titi ka sha shayi a Askira/Uba.

Ya je wajen wata mai miyar Margi ya ce zai sa mata taurari biyar.

"Ɗana, taurari na sama. Kifi nawa zan zuba maka?"

Ya nemi jerin abincinta, ta buɗe tukunya ta ce ga shi nan. Ya tambayi lokacin tashi, ta ce sai miya ta ƙare.

Na ce masa, yaro, direbobin hanyar Michika sun riga ka. Duk rumfar da ka ga motoci sun yi layi a gabanta, shiga ka wanke hannu. Wannan manhajar ba ta cin data.