Allah Ya Saka wa Majalisar Nevada da Alheri

Duk mai cewa 'yan siyasa ba su da tausayi, ya leƙa jihar Nevada ta Amurka ya sha mamaki. A shekarar 2023 wani bawan Allah, John Fisher, ya je musu da ƙoƙon bara. Miskini ne, bai mallaki komai ba sai rabonsa a dukiyar kamfanin tufafi na Gap da iyayensa suka kafa, sai ƙungiyar wasan besbol ta Athletics. Buƙatarsa 'yar kaɗan ce: a taya shi gina filin wasa a Las Vegas.

Har majalisa ta tashi ba ta biya masa buƙata ba, amma Gwamna Joe Lombardo ba ya barin baƙo cikin kunya. A watan Yuni ya kira zama na musamman, aka taya, aka yi albarka, aka sallama a kan abin da zai kai dala miliyan 380 daga dukiyar jama'a. A shekarar ce kuma gwamnan ya ƙi sa hannu a dokar ciyar da dukan 'yan makaranta kyauta. Ya yi daidai. Yaro in ya ƙoshi ai barci zai yi a aji.

Kuma haja mai kyau aka saya. A kakar 2023 ƙungiyar ta buga wasa 162, ta sha kashi a 112 kacal. Ga riƙon amana: daga Philadelphia ta koma Kansas City a 1955, ta tare a Oakland a 1968, ta yi musu sallama a 2024. Ba shakka a Las Vegas za ta zauna har tashin duniya.

Masu baƙin ciki dai ba a rasa su. Ƙungiyar malaman makaranta ta dage wai a bar jama'a su kaɗa ƙuri'a a kan kuɗinsu, kamar wani ya tambaye su. Kotun Ƙolin jihar ta yi watsi da takardarsu a 2024, kowa ya huta. Su ma masana tattalin arziki, da suka daɗe suna cewa filin wasa ba ya mayar wa gari abin da ya ci, boko ne ya yi musu yawa.

Ba yau aka fara wannan karamci ba. A 2016 an ware dala miliyan 750 don filin ƙungiyar Raiders, ita ma daga Oakland. Saboda haka duk attajirin da garinsu ya hana shi kuɗin talakawa, ya kama hanyar Carson City, inda majalisar take zama.