Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tsohon Injin Dizal Na A-Kori-Kura

Ranka ya daɗe, Baba Inji,

Bayan gaisuwa irin ta girma, da fatan ka tashi lafiya. Ko da yake tambayar ba ta da wani amfani, domin duk unguwa ta ji tashinka tun kafin ladan ya kira assalatu. Na rubuto ne a madadin waɗanda kake ɗauka da waɗanda kake tasa daga barci: direba, yaron mota, fataken da ke zama bisa buhuna, da maƙwabta masu jarirai. Da baki muka so a yi maganar, sai muka lura babu wanda ya taɓa kai ƙarshen zance a gabanka ba tare da an ce masa "me ka ce?" ba. Shi ya sa muka koma takarda.

Kada ka ɗauka raini ne. Mun san gidanku, mun san abin da danginku suka yi wa ƙasar nan. Akwai 3L na cikin Hilux, mai lita 2.8, wanda ya fito tun 1988 kuma har yau yana jan gero da wake zuwa Dawanau. Akwai 4D56 na L200. Akwai babban yayanku 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda tun 1990 yake keta rairayi, kuma direbobin Agadas ba sa yarda a zage shi a gabansu. Hanyar da damina ta cinye, wadda ƙaramar mota ke tsayawa a bakinta tana kallo, ku kuke shiga da kaya niƙi-niƙi ku fita. Duk mun yarda. Abin da muke tambaya shi ne, dole ne sai kowa ya kurumce kafin a san kana aiki?

Mun bincika, mun kuma gano ƙararka kashi biyu ce. Akwai wadda ka gada, akwai wadda aka ɗora maka.

Ta gadon ba mu da ta cewa a kanta, haka kakanku ya fito daga hannun Rudolf Diesel a Augsburg ta Jamus a 1897. Injin fetur yana da filogi mai ƙyasta wuta, kai ba ka da shi. Iska kawai kake zuƙa ka matse, kuma ba matsar wasa ba: injin fetur yakan matse tasa kamar sau tara ko goma, kai irin 3L kana kaiwa sau 22. Iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta. To, a nan gizo ke saƙar. Man ba ya kamawa nan take. Yakan ɗan jinkirta, na abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma duk tsawon wannan jinkiri nozul bai daina feshi ba. Idan wutar ta tashi, sai duk man da ya taru ya kama lokaci guda, matsi ya yi tsalle, ya doki kan fistin da bangon silinda. Wannan dukan shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da muke ji. Idan kana tsaye kana juyi 700 a minti, silindarka huɗu suna yin wannan duka sau 1,400. A minti ɗaya, ranka ya daɗe, kuma ba ka ko motsa daga ƙofar gida ba.

Masu ƙera ka ma sun yi ƙoƙari. Sun yi wa kowace silinda ɗan ɗaki a kai, inda wutar ke fara kamawa kafin ta fito ta tura fistin, don dukan ya zo da sauƙi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ɗan uwanka 4JA1 na Isuzu, mai fesa mai kai tsaye bisa fistin, ya san kai mai kunya ne a cikin danginku.

Na san abin da ke ci maka rai, wato jikokin nan naka masu kwamfuta da ke wucewa sumul, ba a jin komai sai tayoyi. Sirrinsu ba wani asiri ba ne. Tun da Denso ya sa sabon tsarin feshi a motar Hino a 1995, Alfa Romeo 156 kuma ta fito da shi a ƙaramar mota a 1997, nozul ya koyi sallama: yakan fara ɗiga ɗan mai kaɗan wuta ta kama, sannan ya sako sauran, don haka babu abin da ke taruwa balle ya fashe. Kai famfonka na ƙarfe ne zalla, abu ɗaya ya sani, ya tura gaba ɗaya. Ba za mu ce ka koyi abin da ba a halicce ka da shi ba. Kuma tsakani da Allah, ranar da aka sha gurɓataccen mai a ƙauyen da babu mai na'urar bincike, jikan nan yana kwance a gefen titi za ka wuce shi kana ɓaɓatu. Wannan ma mun rubuta maka shi a littafin lada.

Sai dai, Baba, rabin abin da kake yi mana yanzu ba gado ba ne. Sakaci ne aka tara maka shekara da shekaru, kai kuma ka karɓa ka mai da shi hali.

Mu fara da nozul, don shi ne babban mai laifi. Ka taɓa ganin yadda ake gwada shi? Mai gyaran famfo zai ɗaura shi a wata 'yar na'ura mai hannu da agogon awo, ya riƙa danna hannun a hankali yana kallon allura. Lafiyayyen nozul yakan riƙe man har sai allura ta kai inda aka ƙayyade, sannan ya buɗe da wani ɗan kuka, ƙirr, ya saki hazo mai laushi da ke ɓacewa a iska, bakinsa kuma ya bushe ƙaf. Wanda ya gaji tun allura ba ta je ko'ina ba ya saki, man ya tsiyayo kamar daga bakin buta, ɗigo ya rataye a ƙasa yana lilo. (Yaran gareji su kiyaye: ba a tara hannu a gaban feshin nan, yana huda fata.) Man da ya shiga silinda a dunƙule ba ya kamawa da wuri, jinkiri ya ƙaru, duka ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Bakaniken da ya san aikinsa yakan sassauta notin bututun mai ɗaya bayan ɗaya kana cikin aiki, ya saurari silindar da ƙarar ta ɗauke a kanta. Sannan ya musanya nozul ɗin da na maƙwabciyarta. Idan ƙarar ta yi ƙaura ta bi nozul, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya inda take, maganar ta fi haka girma, kuma zan dawo kanta.

Sai saitin famfo. Akwai wani irin bakanike, ba zan kama suna ba, wanda idan direba ya ce "motar ba ta da ƙarfi", sai ya sassauta famfo ya murɗa shi gaba da ido, ba awo ba komai, ya ce "ji yadda take amsawa!" Tana amsawa kam. Man yana shiga tun iska ba ta gama zafi ba, ya taru ya fashe fistin na kan hanyar hawa. Wani kuma don ya burge mai gida da shiru sai ya mayar da shi baya fiye da kima, ka yi laushi, amma ga farin hayaƙi, ga zafi, ga wahalar tashi da safe. Masu ƙera ka sun bar alama da ma'auni. A koma kansu kawai.

Abincinka ma abin dubawa ne. Ana auna saurin kamawar dizal da lambar sitan, kuma a Turai ba a yarda ta gaza 51 ba. Wanda ake saye a jarka a bakin hanya kuwa, Allah kaɗai Ya san lambarsa da abin da aka gauraya masa. Idan kalanzir ne, ya fi jinkirin kamawa, kuma ba shi da santsi, alhali famfonka da man da yake turawa yake shafe cikinsa. Arhar lita goma takan ƙare a teburin mai gyaran famfo.

Akwai kuma abubuwan da aka yi maka da sunan gata. An cire maka tamostat wai ƙasarmu da zafi, don haka kana daɗewa ba ka ɗumama ba, kuma inji mai sanyi ya fi kowane surutu. An ɗaure kulocin fanka tam, yanzu fankar tana gudu da gudunka ko da bukata ko babu, tana gurnani tana cin ƙarfinka. Hitocinka sun mutu tun wani hunturu da ya wuce, maimakon a saya sababbi sai a kanga maka tsumma mai fetur a bakin iska, ka tashi da wata irin bugawa da ke sa mai shayin tasha ya dafe kofunansa. Wannan ba magani ba ne, cin zali ne, kuma zai iya fasa maka fistin.

Sauran ƙananan ba sai na tsaya dogon bayani ba. Bawul yana so a auna tazararsa. Robobin da kake zaune a kai sun tsage, har ƙarfe na taɓa ƙarfe, shi ya sa madubi ke rawa sitiyari na kaɗa hannu. Gaskit ɗin bakin salansa ya ƙone yana tsit-tsit, ita kanta salansar ta huje an ɗaure ta da waya. Murfin tukunyar tace iska ya ɓata, kana zuƙa da ƙara, kana haɗawa da ƙurar hunturu. Duk waɗannan ana samunsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma kuɗinsu bai kai na fistin ɗaya ba.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta, kuma a nan ba na wasa. Akwai ƙarar da ba ma so ka ɓoye. Idan bugun mai nauyi ne, daga can ƙasa yake fitowa, yana ƙaruwa idan an taka totur, fitilar baƙin mai kuma tana ƙyaftawa idan ka yi zafi, to metal ne ya ci. Wannan ka faɗe ta da babbar murya. Mun san dabarar dillalai ta ɗura maka baƙin mai mai kaurin tsiya ranar da mai saye zai zo, ka yi tsit na 'yan kwanaki, sannan sandar fistin ta ɓullo ta gefen buloki a tsakiyar daji. Kada ka yarda a haɗa baki da kai. A ba ka 15W-40 ɗinka a kan lokaci, a sauya bel ɗin taimin idan ya cika kilomita 100,000, wanda ya ƙi kuma ka tona masa asiri.

Sai an gama duk wannan ne ake maganar shimfiɗa, amma mutanenmu daga nan suke farawa. Wani zai yanko soson katifa ya cusa ƙarƙashin bonet da manne. Soso yana shan mai, yana shan ruwa, yana kuma zaune kusa da bututun hayaƙi mai zafi. Ranar da ya kama, shirun da za a samu na dindindin ne. Wani ya manna kwaltar like rufin kwano a ƙasan kujeru, zafin Afrilu ya narkar da ita, fasinja su sauka da ciwon kai. Abin da ke aiki a tsare yake. A fara toshe ramuka, domin ƙara ta fi son ƙofa a buɗe: bangon da ke tsakaninka da direba cike yake da hudojin waya da robobinsu suka faɗi, rigar sandar giya ta yage har ana hango kwalta, robar ƙofofi ta bushe. Bayan nan a manna faifan roba mai bayan alminiyom a kan faffaɗan ƙarfen ƙasa da ƙofofi don ya daina kaɗawa, ba sai an rufe ko'ina ba. A ɗora soso marar shan ruwa, a kawo tabarmar roba mai nauyi a rufe. Ƙarƙashin bonet kuma a sa abin da aka yi don zafi, wanda wuta ba ta ci. Ba za ka zama jikanka ba, amma direba zai ji wayarsa idan ta yi ƙara.

Za ka ce me ya yi zafi, ai direbobi ba su koka ba. Gaskiya ne, wasunsu ma alfahari suke yi, suna cewa "inji mai lafiya ai sai an ji shi". Ka lura da masu faɗin haka, yawancinsu sai an maimaita musu gaisuwa. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi: 88 awa huɗu, 91 awa biyu. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri ya kusa cinye awa takwas ɗin a zaune kusa da kai, taga a buɗe, rediyo a ƙure don ya rinjaye ka. Ƙananan gasun cikin kunne da ke kama sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma babu kasuwar da ake sayar da na Beljiyam. Akwai tsofaffin direbobi da iyalansu ke zargi da miskilanci, alhali ba su ji an yi magana ba ne.

Don haka ga abin da muka yanke, kuma mai mota ya sa hannu. Ƙwas-ƙwas ɗin gado mun bar maka, ka yi abinka, shekarunka sun kai. Na nozul, na famfo, na fanka, na salansa da na robobi kuwa, za a raba ka da su ɗaya bayan ɗaya, daga mai arha zuwa mai tsada. Abin da muke roƙo a wajenka shi ne idan an kwance ka kada ka yi fushi ka fito da wata sabuwar cuta, kamar yadda kuka saba idan an taɓa ku. Ranar Asabar da hantsi mai gyaran famfo yana jiran nozul ɗinka huɗu. A taimaka a tashi a bugu ɗaya, don yaron mota ya ce ba zai ƙara turi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sakataren masu zama a gidan gaba