'Yan Ces na Gindin Darbejiya

Tun da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a New York cikin Afrilun 2024, wasu samarinmu na Gaya suka ture darar kakanni, suka baje allo mai gida 64 a gindin darbejiya. Da allon ya zo, sai halaye suka fito.

Babbansu shi ne Gwani Mai Hadda. Shi dai sojan gaban sarauniya, d4, ba ya fara wasa da wani abu. Ya bi wasanni 34 da Alekhine da Capablanca suka buga a Buenos Aires a 1927, zai kuma sanar da kai, ko ba ka tambaya ba, cewa kusan dukansu da Queen's Gambit aka buɗe su. Yana tura sojan zai gyara zaman hula ya ce, "Ka shigo hannu." Taku goman farko kamar tilawa, ko allon ba ya duba. Sai ka yi wani takun jahilci wanda babu shi a littafi. Nan Gwani zai daskare, ya ɗago ido cike da takaici: "Haba Malam, ai ba haka ake yi ba!" Ka ci dokinsa, ka ci sarauniyar, duk laifinka ne da ba ka yi karatu ba. Bayan isha'i za ka tarar da shi a teburin mai shayi yana bayanin cewa a ƙa'ida shi ya ci.

Ɗan Landan kuwa, ko me ka buga, tsarin nan nasa ɗaya da ake kira Landan zai jera. Akwai Malam Tsaya-in-mayar, wanda dokar "ka taɓa, ka tafi" ba ta iso unguwarsu ba. Akwai Baba daga Ajingi, gogan dara, har yau yana mamakin ya jera uku amma ba a ba shi ci ba. Mu kuma da ba a taɓa cinye mu sai muna fama da ciwon kai, Allah Ya ba mu lafiya.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne ɗan kallon da ke tsaye a bayan abokin wasanka, manhajar ces ta Stockfish a waya, yana tari in mutum ya kai hannu inda bai dace ba. Gwarzon ces Kasparov kansa kwamfuta ta kayar da shi a 1997, balle ni. Abin da ɗan kallon nan ke yi ba gwaninta ba ce, maguɗi ne tsagwaronsa. Wanda ya zo kallo ya bar wayarsa a aljihu, ko ya ja tabarma ya zauna mu buga.