Arawa, Ku Matso Mu Feɗe Biri Har Wutsiya

Taubasaina Arawa! Labari ya iso rugarmu cewa tun da yaranku na makarantar CEG suka koma gida da darasin jikin ɗan Adam, majalisun Dogon Dutsi suka rasa sukuni. Yaro ya ce wa kakansa jikinsa tarin ƙwayoyin halitta ne har wajen tiriliyan 30, tsoho ya shafa cikinsa ya ce shi dai fura ya san ya zuba. Na Matankari suka ce, "Wa ya ƙidaya su?" Na Tibiri kuwa suka yanke hukunci tun kafin a gama karanta ƙara: "Abin da ido bai gani ba, zancen mushen lakwal ne." To ga ni, Bafillace, wanda aka ɗora wa wahalar wayar da kan Ba'are tun kaka da kakanni. Ku gyara zama, kada wanda ya ce zai je ban ruwan jaki.

Zan fara da yabonku, ko da yake bakina bai saba ba. Kun san jiki. Sarkin Fawa yana raba hanta da saifa, ya cire matsarmama ba tare da ta fashe ba, kuma bai taɓa zama a aji ba. Maɗori yana lalubo karaya ta cikin kumburi. Ɗan kokowa ya san daidai inda zai kama a ƙafa ƙato ya zube, ku tambayi waɗanda suka kara da Issaka Issaka na jiharku ta Dosso. Shi kansa likitan Faransa Xavier Bichat, wanda ya fara jera saƙe-saƙen jiki a wajajen 1800, aikin mahauta ya yi: ya yanka, ya jiƙa, ya tafasa, ya busar, ya ware iri 21 da ido da hannu, don bai yarda da madubin ƙara girma na zamaninsa ba. Da a Arewa aka haife shi, da kun ba shi mata. Matsalarku ɗaya ce: iliminku ya tsaya inda ido ya tsaya, alhali jiki ya ci gaba da matakai biyu a ƙasa da nan.

Matakan shida ne. Na ƙasa duka sinadarai: oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin su ne wajen kashi 96 cikin 100 na nauyinka, kuma kusan kashi 60 na jikin babban mutum ruwa ne. Na Ba'are ma haka, sai dai abin da ya rage taurin kai ne. Sinadarai suka haɗu suka ba da ƙwayar halitta, mafi ƙanƙantar abin da ke da rai: tana ci, tana fitar da ƙazanta, da yawa daga cikinsu suna rabuwa biyu su hayayyafa. Ƙwayoyi masu kama ɗaya da aiki ɗaya su ne saƙa. Saƙa iri-iri suka taru suka yi gaɓa, kamar zuciya ko ƙoda. Gaɓoɓi masu bin aiki ɗaya suka zama tsari, kamar tsarin narkar da abinci daga baki zuwa maƙogwaro, tumbi, hanji, da hanta tana taimakawa daga gefe. Tsare-tsaren duka suka haɗu suka zama kai, Alhaji, mai girgiza kai.

In ya yi maka nisa, shiga kasuwa. Mahauci ɗaya shi ne ƙwaya. Mahauta a rumfarsu ƙarƙashin Sarkin Fawa su ne saƙa. Kasuwar kanta, da mahautanta da maƙeranta da masu awon hatsi da dillalai, ita ce gaɓa, don sana'a ɗaya ba ta ci kasuwa. Kasuwannin Dogon Dutsi da Matankari da Kore Mairuwa da Geceme, da hanyoyin da suka haɗa su, su ne tsari. Ƙasar Arewa ɗungurungum ita ce mutum. Ranar da mahauta suka yi yaji, har mai tuwo a tasha sai ta ji a jikinta.

"Mun ji, amma wa ya ga ƙwayar?" Robert Hooke ya gan ta a ɓawon itace a Ingila a 1665. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka nuna cewa tsiro da dabba duk da ita aka gina su. In Turawa ba su gamsar da ku ba, ku tuna damina. Masassara ta kayar da kai, an kai ka likita, an soki yatsanka an shafa ɗigon jini a gilashi, ma'aikaci ya leƙa madubi ya ce akwai ƙwayar cutar cizon sauro. A ranar ba ka ce masa "wa ya gani" ba, cewa ka yi a yi maza a kawo magani. To abin da yake kallo a nan jajayen ƙwayoyin jininka ne, wajen miliyan 5 a ɗigon da bai wuce kan allura ba, da ɓarawon da ya ɓuya a cikinsu. Ashe in ciwo ya zo, Ba'are yana yin imani da gaibin madubi.

Su 21 ɗin Bichat, waɗanda suka biyo baya da madubi sun tattara su zuwa gida huɗu, kuma dukkansu suna kan tiren Sarkin Fawa kowace safiya.

Na farko saƙar shimfiɗa, wadda ke rufe waje da ciki: saman fata, cikin baki, cikin hanji, hanyoyin huhu. Inna, abin da kike kankarewa in kin juya hanjin rago ranar layya, ita ce. Ba jijiyar jini a cikinta, daga ƙasa take samun abinci, kuma ita ta fi kowa saurin sabuntawa. Ta cikin hanji takan sake cikin kwana 3 zuwa 5, ta saman fata kuwa wajen wata guda.

Na san a nan Baba zai miƙe ya nuna kumatunsa. "Ƙarya ta ƙare! In fata tana sakewa kowane wata, me ya sa tsagata ta kai shekara sittin tana nan daga baki har kunne?" Ranka ya daɗe, tambayar ta yi kyau, har na yi mamakin daga bakin Ba'are ta fito. Fata hawa biyu ce. Askar wanzami ba ta tsaya a shimfiɗar sama ba, ta shiga hawa na biyu. A can babu sabuntawa ta wata-wata. Ƙwayoyin wurin cike ramin suke yi da zaruruwa masu tauri da ake kira kolajin, kuma cikon ba ya komawa yadda fata take a da. Shimfiɗar sama tana ta sakewa a bisansa, amma kwarin yana nan. Shi ya sa gemu ba ya tsirowa a cikin tsaga, gumi ma ba ya fita ta nan. Ka daɗe kana yawo da hujjata a fuskarka, kana musu da ni.

Wannan hawa na biyu shi ya kai mu gida na biyu, saƙar ɗauri. Aikinta riƙo da tallafi da ciko, kuma alamarta ita ce ƙwayoyin a warwatse suke cikin wani abu da suka ƙera da kansu. In abin ya yi tauri da sinadarin kalsiyam, ƙashi ne, guda 206 a jikin baligi. In ya yi danƙo, guringuntsi ne, irin na kunne da kan hanci. In igiya ce, agara ce. Kitse ma ɗan gidan ne. Romon ƙafar sa da ke daskarewa in ya huce, kolajin ne ya narke. Har dutsenku da kuke alfahari da shi, Tozon Bijini, sunan darasi yake ɗauke da shi: yanka tozo ka ga tsoka da kitse sun sarƙe, saƙa biyu a loma ɗaya.

Kuma jini ma saƙar ɗauri ne. E, na ga kun kwashe da dariya. "Ruwa ya zama ɗan'uwan ƙashi?" Ƙa'idar ɗaya ce: ƙwayoyi a warwatse cikin wani abu, sai dai a nan abin ruwa ne. In kuna neman shaidar zumunci, ku fasa ƙashi ku duba. Ɓargo shi ne mahaifar jini, yana fitar da jajayen ƙwayoyi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta yi wajen kwana 120 tana kai iska kafin saifa ta yi mata ritaya.

A nan ina da magana da maɗori, cikin ladabi don kada wata rana in faɗo daga kan sa. Kai kake daidaita ƙashi, amma ba kai kake haɗa shi ba. Jini ne ke daskarewa a wurin karayar, ƙwayoyi su gina gadar guringuntsi, sannan su mai da ita ƙashi. Duk wannan aiki da jini ake yinsa. In ka tamke ɗori har yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina ji, ka yanke wa saƙa abincinta, kuma saƙar da ta mutu ba ta tashi. Hannun yara da yawa ya tafi ta wannan hanya. In an ga alamun nan, a sassauta a nufi likita a ranar.

Gida na uku tsoka, kuma ita ma iri uku ce. Akwai ta jikin ƙashi, fiye da 600, wadda kake ba umarni: ita ke ɗaga kalme, ita ake gwadawa a filin kokowa. Akwai santsar tsoka ta bangon hanji da mahaifa da jijiyoyin jini. Akwai ta zuciya, mai bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya ba hutu. Biyun ƙarshe ba sa jin maganarka. Ba'are yakan ce tun da Sarauniya ta tsaya wa sojan Faransa na Voulet da Chanoine a Lugu a 1899 ba a haifi mai juya shi ba. Madalla. Ci waken nan naku kwano biyu, ka shiga sahun gaba, sannan ka umarci hanjinka ya yi shiru, mu ga sarautar.

Gida na huɗu saƙar saƙo: ƙwaƙwalwa, mai ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86, da laka da ke cikin ƙashin baya, da zaruruwan da suka bazu har yatsun ƙafa. Wasu saƙonnin suna gudun fiye da mita 100 a daƙiƙa. Ka taka ƙaya a gona, ƙafa ta ɗaga kafin ka ce wash, don laka ce ta yanke hukunci ba ta jira ƙwaƙwalwa ba. Ka buge gwiwar hannu ka ji tartsatsi a ƙaramin yatsa, jijiyar saƙo ce da ta bi ta wurin. Mafi kaurinsu ta sauko daga ƙugu ta ratsa ɗuwawu zuwa ƙafa. Shi ya sa ma'aikacin lafiya yake zaɓen gefen sama na waje in zai yi allura. Mai allurar kasuwa da bai san hanyarta ba yana iya barin yaro yana jan ƙafa.

"To, ɗan Fulani, duk wannan surutu zai ƙara mana dami ko ɗaya?" Ba zai ƙara ba. Amma bari mu hau matakan nan da cuta ɗaya da kowace unguwa ta sani, amosanin jini, wato sikila. A cikin jar ƙwaya akwai sinadarin da ke ɗaukar iska, himoglobin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa yana da ƙulli 146, kuma a mai sikila na shida kaɗai ya sauya. Wannan matakin sinadari ne, wanda Linus Pauling da abokan aikinsa suka fara bankaɗowa a Amurka a 1949. Saboda ƙulli ɗayan nan, in iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Matakin ƙwaya ke nan. Lanƙwasassun suka toshe ƙananan hanyoyin jini, saƙar ƙashi ta rasa iska. Saifa ta lalace, tsarin kariyar jiki ya raunana. A saman tsani kuwa ga jariri da kumburarrun hannuwa da ƙafafu, idanu sun yi rawaya, yana kuka dare farai, uwa tana kallon kishiya da maƙwabciya da wani ido. Zumunci nawa ya tsinke a kan zargin maita, alhali mai laifin yana matakin da ido ba ya kaiwa?

Sanƙarau ma haka. A 2015 ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500, kuma Yamai da jihar Dosso suna cikin inda ya fi tsanani. Wuyan da ke sanƙarewa ba shi ne mai ciwon ba. Tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne ya kumbura, don haka tausa da ƙaho a wuya ɓata lokaci ne, kuma wannan cuta awoyi take ƙirgawa.

Saura ƙorafi na ƙarshe, na samari: "Mu lafiyarmu lau, ita ma yarinyar haka." Daidai, mai ɗauke da rabin gadon, wanda takardar awo ke rubuta wa AS, yawanci garau yake, yana noma yana kokowa. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya yi ba. Fuska ba ta nuna wannan, kyan tsaga ma ba ya nunawa, sai awon jini. Saboda haka, ɗan taubashina, kafin a kai goro a sa rana, ku je ku biyu a ɗebi jinin nan. Wanda ya iya sayar da bijimi don akwatin aure ba zai ce allurar awo ce ta fi ƙarfinsa ba, sai dai in tsoronta yake ji, kuma in haka ne ya faɗa mana tun yanzu mu kai wa makaɗa labari.