Siton Kura da Rudun Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara dabbobin Jiga Birni suka yi noman rani, albasa ta yi albarka. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Aliero, don tun kafin a yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991 ake lodin albasarsu zuwa Legas da Anacha. Sai dai lokacin cira kowa ke cira, buhu ya faɗi warwas a kasuwa. Wanda ya ajiye don jiran tsada kuwa, damina na sauka ruɓa ta raba shi da rabi.

Kuka ya kai kunnen Zaki. Ya tara fada, ya ce zai fitar da kuɗi a magance asarar. Kura na jin an ambaci kuɗi ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni maginiya ce tun kakanni." Gizo ma ya matso. Ya taɓa wucewa ta ƙofar Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, tun ranar ya sayi tabarau, ya ce a riƙa kiransa masani.

Zaki ya ce, "Ku fara tambayar manoma."

Gizo ya tara su a ƙofar fada, dogarai na tsaye da bulala. Ya gyara tabarau ya ce, "Kuna shon shito babba, ko ba kwa sho?" Kurege ya dubi Bushiya, Bushiya ta dubi bulala. Suka ce, "Muna so, ranka ya daɗe." Gizo ya rubuta cewa kowa na so.

Kura ta kama aiki. Bulo da siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ga ƙaton kwaɗo. Ta gina siton can bakin babban titi, inda duk mai tafiya Jega zai gani ya yaba. Kuɗin tagogi kuwa ta ci tsire da su. Aka buɗe da kiɗa da algaita, aka zube albasa tsibi tsibi a kan siminti, Kura ta kulle, ta rataya makulli a wuya.

Albasa abu ce mai numfashi. Kwano ya ɗau zafi, iska ba ta da hanya, ta yi gumi, wadda wuyanta bai bushe ba ta fara ruɓa ta shafa wa maƙwabta. Kafin wata ya zagayo, Ungulu kaɗai ke zuwa ziyara. Kura ta ce manoma ne ba su waye ba. Gizo ya rubuta hakan.

Ƙoƙi, matar Gizo, ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki tabarmarta ta tafi gidan Kurege, ta ce ta zo taya aiki. Ta wuni, ta kwana, ta koma gidan Bushiya. Ba ta tambayi kowa abin da yake so ba. Ido ta zuba. Ta ga matar Kurege kullum da sassafe tana juya ɗan abin da suka rage a gida, tana matsa wuyan kowace da yatsa, ta tsame mai laushi ta kai madafa. Ta ga daren da ɗan Bushiya ya yi zazzaɓi, aka auna tiya biyu aka sayar aka sayo magani. Ashe albasar nan ita ce asusunsu, kuma ba mai yarda a kulle masa asusu a bakin titi, makulli a wuyan Kura. Sannan Ƙoƙi ta fara tambaya, a zaune, tana tsintar albasa: me ya sa kike shanya ta da ganyenta? Me ya sa ba kya tula ta da yawa?

A bayan gidan Kunkuru ta ga tsohon rudu irin na kakanni, na kara da ciyawa, ya karkace. Ta ce a gyara wannan ya fi. Ta ɗaura ɗan ƙarami, ta zuba kwando guda, don in ya ƙi, asarar ta tsaya a kwando.

Ya kuwa ƙi. Ruwan farko ya bugo daga gabas ya jiƙa gefe guda. Ta tsawaita jinka ta gabas. Gara ta hau ƙafafu, Kunkuru ya ce a ɗora su kan duwatsu a barbaɗa toka. Bushiya ta miƙa hannu, ta ce, "Yaya Ƙoƙi, ba na kaiwa tsakiya." Aka rage faɗi. Jaki ya ce nasa a ɗaga masa, kada ya yi ta sunkuyo da kaya a baya. Akuya ta zo cikin dare ta gwada karan da haƙori, aka kewaye da ƙaya. Gizo na kwance yana cewa, "Ƙoƙi, kullum yushewa kike, yaushe za ki gama?" Ta ce, "Maigida, sai masu shi sun daina gyara mini."

Damina ta wuce, albasa ta yi tsada. Kurege ya buɗe rudu, mafi yawanta garau, ɓawo na ƙara. Ya sayar ya sayi injin ban ruwa.

Gizo ya ɗauki tabarau ya ruga fada, ya ce shi ya ƙirƙiro. Zaki ya zo da kansa, ya zagaya, ya ce, "Me ya sa jinkar gabas ta fi tsawo?"

"Don ado, yanka ya daɗe."

Zaki ya ce a kira Ƙoƙi. Kafin ta iso, Kura ta durƙusa ta ce a ba ta kwangilar rudu ɗari, duk iri ɗaya, har Maiyama. Ƙoƙi ta gaida sarki, ta ce na Jaki ba zai yi wa Bushiya ba, kuma ba ta taɓa kwana a gidan kowa a Maiyama ba. Ta roƙi a ara mata Jaki ya kai ta. Gizo ya yi wuf ya naɗe mata tabarma, ya ce ai shi ne mai rubutu, dole a tafi da shi.

Ƙurunƙus.